Dogo Bai Ja Rigarsa Ba

Ni ce na dafa ruwan. Gara in fara da wannan, domin duk wanda ya tashi ba da labarin ƙafar maigidana sai ya ɗora laifin a kan mai ɗori, ko a kan koci, ko ya ce kambun baka ne. Kowa da nasa kason, ban hana ba. Amma wata biyu cur ni ce nake kunna risho ina tafasa ruwa ina gasa ƙafar nan, ina ta jin daɗi wai ni ce mace mai kula da miji. Shi ya sa yanzu da furfura ta cika mini kai na zauna na rubuta, ko Allah zai sa wata mai irin tukunyata ta karanta ta sauke ta.

Sunana Asabe. 'Yar Challawa ce ni, gidanmu manoma ne tun kafin kamfanonin jima su zo su cika mana hanci da warin fata. A farkon shekarun tamanin aka kai ni Sharaɗa, ɗaki ɗaya a gidan haya bayan wata masaƙa, inda jiniyar kamfani ce agogonmu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin ƙasar Ringim ne. Ni Malam nake ce masa, amma duk unguwa Dogo suke kiransa, don sai ya sunkuya yake shiga ɗakinmu. Gadon da aka yi mini jere da shi bai taɓa ɗaukar ƙafafunsa ba, sai da kafinta ya ƙara masa ɗan benci a ƙarshe.

Aikin inji aka ɗauke shi a masaƙar. Sai manajan wurin, mutum mai tsananin son ƙwallon kwando, ya hange shi yana sauko da dila daga saman tari ba tare da tsani ba, ya ce a sa shi a ƙungiyar kamfani. Wasan nan ne da ake jefa ƙwallo cikin zobe mai raga a saman ƙarfe. Mutum biyar ne ke fara wasa, kuma waɗannan biyar ɗin an ɗauke musu aikin inji. A sito ake ajiye su da safe su yi ta hira da diloli, da la'asar su fita atisaye. A gaskiya albashin wasa suke ci. Sauran 'yan wasan kuwa, masu zaman benci, suna nan a kan inji da aikin dare da ƙurar auduga a ƙirji. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma kowa ya san ta: in ka fito ka huta, wanda ya shiga madadinka ya yi abin a zo a gani, to mako mai zuwa shi ne a sito kai ne a inji. Ga shi lokacin an fara rage ma'aikata, kuma daga kan inji ake farawa.

Kocinsu, Malam Bala, mutumin kirki ne mai sanyin magana. Ya ce musu duk wanda ya gaji ko ya ji ciwo a tsakiyar wasa, ba sai ya yi magana ba, ya kama gaban rigarsa ya ja, shi kuma zai canza shi. Malam kan kwashe da dariya in yana ba ni wannan labari.

"Shekara uku, Asabe, ban taɓa jan rigar nan ba. Minti arba'in nake yi cif."

Ni kuma sai in ɗauki maganar in kai bakin famfo in yi ta yi wa mata burga da ita. Ban taɓa ganin wasan da idona ba. Abin da na sani shi ne rigar da nake wankewa da takalmin kambas da ƙasansa ya sirance.

A ƙarshen wata damina aka sa gasa tsakanin kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, wasa uku a mako, ban da atisaye, duk a kan siminti. A makon farko ya dawo bayan magariba ya zauna a bakin gado, ya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙwaurinsa na dama.

"Nan ne. Daidai nan."

Wuri ɗaya ne tak, bai fi kan yatsa ba. Ba kumburi, ba ƙujewa. Na ce gobe ya biya kilinik ɗin kamfani. Ya kalle ni kamar na ce ya je ya kai kansa ofishin 'yan sanda.

"Dispensa ya rubuta sunana, takarda ta tafi ofis, ofis ta kai wa koci? Isiyaku yana benci, tarina kawai yake jira."

Isiyaku shi ne mai shiga madadinsa in da zai fito. Kuma maƙwabcinmu ne, bango ɗaya ya raba ɗakinmu da nasa, matarsa Rabi murhunmu ɗaya a tsakar gida. Saboda haka ban dafa ruwan a tsakar gida ba. Na shigo da risho cikin ɗaki na tura ƙofa, na tafasa ruwa da gishiri da 'yar kanwa, na tsoma tawul na dinga danna masa yana cije leɓe. Na haɗa man zafi da man kaɗanya na mulke wurin, na naɗe da bandeji, ya ja doguwar safa ya rufe. Da safe ya taka ya ce garau. Da Rabi ta tambaye ni abin da nake yi da risho a ɗaki, na ce wankan 'yata Uwani ne, mura take yi.

Haka muka shiga mako na biyu. A na uku wurin ya ɗan tasa kamar rabin lemon tsami, sai muka ƙara da ƙwayar kashe ciwo daga kemis, biyu kafin wasa. A na huɗu ta koma uku. Gashin ma ya zama safe da yamma, ruwan kuma sai ya fi na jiya zafi kafin ya ce ya ji. Fatar wurin ta yi duhu ta fara saɓa.

A mako na biyar tsoro ya fara shiga ta. Ina zaune ina kallonsa yana sallar asuba, sai na ga ya kasa tasowa daga sujada sai da ya dafa bango. Mutumin da ke tsalle ya taɓa ƙarfen da ya fi rufin ɗakinmu tsawo! Da ya sallame na ce, "Malam, in ba ka faɗa wa koci ba, ni zan aika a faɗa masa."

Bai ɗaga murya ba. "Saura wasa tara a gama. In kika faɗa, ke kika mayar da ni inji. In aka kore ni daga can kuma, ke kika kore ni."

Na ɗora ruwa.

Ranar Asabar ta mako na takwas aka yi wasan ƙarshe a Bompai. Da hantsi na gasa masa ƙafar, hannuna yana jin zafin ƙashin ta cikin tawul. Ya fita yana takawa a hankali har ya kusa ƙofar Rabi, sannan ya miƙe ya yi tafiyar lafiyayyu. Bayan la'asar na ji sallama. Isiyaku ne shi kaɗai, da rigar wasa a jikinsa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Ba wanda ya taɓa shi, Asabe, wallahi. Tsalle ya yi ya dira, muka ji ƙas, har daga benci."

Na ce, "Yana asibiti?"

Ya girgiza kai. Ashe yayan Malam, Yaya Habu, mai aikin lodi a wani sito a Dakata, yana wurin kallo. Koci ya ce a wuce asibiti, shi kuwa ya tare motar ya ce asibiti yanke ƙafa kawai suka sani, wurin mai ɗori za a kai shi. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wa zai ja da shi? Aka wuce wani ƙauye bayan Na'ibawa.

Ba zan zagi tsohon mai ɗorin nan ba. Shi ya ɗora hannun mahaifina lokacin da ya faɗo daga amalanke, kuma hannun ya warke sarai. Ya ja ƙafar Malam, ya jera karare, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau, ya yi tofi. Ya ce kada a kwance sai bayan kwana goma sha huɗu, ko da mai ciwon zai yi kuka, don zafi alama ce ƙashi yana haɗuwa. Aka kawo mini shi gida a kwance a bayan a-kori-kura, ƙafafunsa sun leƙo waje.

Washegari surukata Inna ta iso daga ƙauye da galan ɗin rubutu. Ta ce wannan ba karaya ce ta Allah da Annabi ba, baki ne, tana faɗa tana hararar ƙofar Rabi. Wata ta kawo turare, wani ya ce a yanka baƙar kaza. Ni dai ba wanda ya tambaye ni komai, ni ma ban ce komai a kan watanni biyun nan ba.

Kwana biyu yana ihu. Mutumin da bai taɓa jan rigarsa ba ya yage matashin kai da haƙori. Yana cewa, "Ku sassauta, don Allah ku sassauta," Yaya Habu yana zaune a bakin ƙofa yana cewa, "Yi haƙuri, haɗuwa yake yi." A rana ta uku yatsun suka kumbura suna sheƙi. A rana ta huɗu ciwon ya ɗauke ɗif. Ya yi barci, ya tashi ya sha kunu. Gida ya ɗauki hamdala, Inna ta sa aka soya ƙosai aka raba sadaka.

Ni kuwa ranar nan ce na fi kowace rana jin tsoro. Da na zo gyara masa zanen rufa na taɓa yatsun, sai na ji su da sanyi kamar jikin randa. Na ce wa Inna ta taɓa. Ta ce, "Ke dai ba kya son a ce an samu sauƙi." Na koma gefe na rungume Uwani.

A rana ta biyar ƙudaje suka fara taruwa a kan tsumman, zazzaɓi ya rufe shi. Sai ga wari. Su Inna suka ce maganin ɗori ne. Amma ni 'yar Challawa ce, a cikin warin fatar da aka jiƙa ta kwana na girma, na san warin naman da ya mutu. Na goya Uwani na yafa mayafi na fita ban yi wa kowa sallama ba. Ban taɓa zuwa ƙofar kamfani ba sai ranar. Na tsaya tsakanin manyan motoci, na ce wa maigadi ya kira mini Malam Bala koci.

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri a kan wannan. Bai tsaya tambaya ba, ya taho da motar kamfani. Da ya shiga ɗakin ya shaƙi iskar, sai ya juya wurin Yaya Habu ya ce, "Malam Habu, ranar Asabar na bar maka. Yau ba zan bar maka ba. In ka ga dama ka kai ni kotu." Mutum huɗu suka ɗauke shi.

Mun isa asibiti da hantsi. Layin yankar kati ya zagaye baranda. Aka kwantar da shi a benci, ƙafar ta miƙe ta tare hanya, mutane suna tsallakewa suna toshe hanci. Ina riƙe da kansa, zafin jikinsa yana ratsa zanena, ina ta leƙen layin da ba ya motsi. Sai bayan azahar aka kira mu. Wata nas babba da ake ce wa Sista ta sa almakashi ta yanke tsumman, kararen suka zube a ƙasa. Ta kau da fuska, ta ce a kira likita yanzu-yanzu. Abin da na gani a ƙarƙashin tsumman nan ba zan rubuta shi ba.

Likitan matashi ne mai tabarau, Bahaushe, ba ya yawan magana. Aka ba Malam gado, aka sa masa ƙarin ruwa da allurai. Hoton ƙashi sai washegari aka samu, shi ma da wani layin. Likita ya ɗaga hoton a jikin taga ya daɗe yana kallo.

"Karayar ba ta kai mako ba," in ji shi. "Amma tsagar da ta haife ta ta yi wata biyu. Ƙashi ma yana gajiya. Da ya huta mako shida, da ko ƙwaya ba sai ya sha ba." Sai ya nuna baƙin tabon da ke saman ciwon. "Wa yake yi masa gashi?"

Inna da Yaya Habu suka kalli juna. Na ce, "Ni ce."

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Kai kawai ya gyaɗa, ya ce za su ba ƙafar kwana uku. Kullum da safe zai rufe wa Malam ido ya tsikari yatsun da allura. "In yana ji, akwai sauran rai a ƙafar, sai mu jira. In ba ya ji, jira ba alheri ba ne, don ruɓar hawa take yi. In an yi da wuri, ƙasan gwiwa za mu yanke. In an makara, saman gwiwa. Bayan nan kuma ba maganar ƙafa ake yi ba."

In likita zai zagaya, korar 'yan jinya ake yi waje, sai Yaya Habu kaɗai aka bari don ya tallafe shi, saboda zazzaɓi ba ya barinsa ya zauna. Safiyar farko ina tsaye a bayan taga na ji muryar Malam yana cewa, "Na ji. Na ji. Nan ma na ji." Na durƙusa a wurin na yi ta kuka ina godiya ga Allah.

Safiya ta biyu na matsa jikin tagar sosai don in gani da idona. An ɗaure masa ido da tawul. Yaya Habu yana bayansa, ya dafa kafaɗunsa. Likita ya sunkuya ya kai allura, sai na ga babban yatsan Yaya Habu ya danna kafaɗar. Malam ya ce, "Na ji." Likita ya koma ɗaya yatsan, Yaya Habu ya sake dannawa. "Na ji."

Na ce ko idona ne. Da rana da aka bar mu muka shiga, na zauna a ƙarshen gadon kamar mai gyara zane. Yana ta ba wani maƙwabcin gado labarin yadda aka ci kofin gasar bayan an ɗauke shi. Na zare fil daga ɗankwalina na soka a babban yatsansa, na danna har rabi. Bai ko numfasa ba, ya ci gaba da labarinsa. Na duba sama. Akwai wani tsohon tabon lauje a saman idon sawunsa, jiya baƙin ruɓar bai kai wurin ba, yau ya haye shi.

Na samu Yaya Habu a baranda. Ban taɓa tsayawa gabansa na yi doguwar magana ba. Na durƙusa na ce, "Yaya, na ga yatsanku."

Ya ce, "Ke yarinya ce. Ni na goye shi. Da wane ido zan mayar wa Inna da ɗanta ba ƙafa? Allah da ya halicce ta yana iya tashinta. Kwana ɗaya kawai ya rage, in likita ya ce a jira, shi ke nan."

Na koma ciki. Malam ya ga fuskata, ya ga fil ɗin a hannuna. Ya kamo bakin mayafina. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun bushe.

"Asabe, ki rufa mini asiri. Kamar yadda kika saba."

Wannan maganar ita ce ta tashe ni. Kamar yadda na saba! Abin da na saba ɗin ne ya kawo mu gadon nan. Ina tsoron fushinsa, ina tsoron Inna, ina tsoron a ce ni na sa aka yanke wa mijina ƙafa, kuma na san za a faɗa. Amma na fi tsoron baƙin nan da ke hawa. Na zare mayafina daga hannunsa na tafi teburin Sista, na faɗa mata komai.

Likita ya dawo kafin la'asar. Ya ce Yaya Habu ya fita, Sista ta tallafe shi. Ya tsikari yatsa na farko. Shiru. Na biyu. Shiru. Ya hau tafin ƙafa, ya hau idon sawu, ɗakin tsit, sai da ya kai tsakiyar ƙwauri sannan Malam ya zabura. Da aka cire tawul ɗin bai kalli likita ba, ni ya kalla.

Sai da koci ya zauna da shi har magariba kafin ya sa hannu a takardar yanke ƙafar. Aka ce ana bukatar jini. Washegari da sassafe sai ga 'yan ƙungiyar sun cika baranda, dogaye-dogaye, wasu daga aikin dare suka wuto da auduga a gashinsu. Isiyaku ne ya fara miƙa hannu. Inna da ta ce shi ya yi baki tana zaune tana kallo. Koci ya tsaya kusa da ni yana share ido, yana cewa duk wasa sai ya kalli Dogo ya ga ko zai ja riga. Na gode masa har yau, amma a raina na ce, kai ba ka da ido ne, sai ka jira riga? Mutumin da ya san in ya ja zai koma inji, yaushe zai ja?

Aka shiga da shi tiyata da hantsi. Na zauna a gindin darbejiya, ba abin da ke yawo a kaina sai ƙasan gwiwa ko saman gwiwa, ko kuma a fito a ce mu yi haƙuri. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe tsaye. Ana kiran azahar Sista ta leƙo ta yafito ni.

"An tsira da gwiwa. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da ba haka ba."

Mako shida muka yi a asibiti. Kamfani ya ɗauki nauyin gado da magani, ban manta ba. Amma kuɗin mota daga Sharaɗa kullum, da abinci, da auduga da bandeji in aka ce sun ƙare, kwanukan jerena ne suka bi hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Yaya Habu ya bar lodinsa ya tare a asibiti, shi ke goya ƙaton nan a baya ya kai shi banɗaki. Ban yafe masa da wuri ba, amma wannan ma ba zan ɓoye ba.

Malam kuwa ya daina yi mini magana. In na miƙa abinci sai ya juya kai, sai Inna ta karɓa ta ba shi. Wani lokaci ƙafar da babu ita takan yi masa ƙaiƙayi, ya kai hannu ya sosa katifa, in na matso sai ya ja zane ya rufe. Da muka koma gida aka ba shi aikin zaune a ƙofar kamfani, yana duba katin masu shiga. Tsakanina da shi sai "miƙo" da "ɗauke". Sunana ma ya bar bakinsa. A bakin famfo kuwa, inda na saba burga, in na iso sai hira ta tsaya. Haka muka ci kusan shekara.

Damina ta zagayo, aka sake sa gasa. Yanzu Isiyaku ne a sito, shi ne ke fara wasa. Wata Asabar da hantsi ina tankaɗe a bakin ƙofa, Malam yana ciki a kan tabarma, sai ga Rabi ta matso tana waige-waige, da 'yar kwalba a cikin zane.

"Asabe, don Allah wata tambaya. Haɗin nan da kike yi bara, gishiri da me kike sawa?"

Na saki rariyar. "Wane haɗi?"

"Haba, ai ina jin ƙamshin man ta ƙasan ƙofa. Wankan Uwani da man zafi? Ba wani abu ba ne, ɗan wuri ɗaya ne a ƙwaurin maigidana, bai fi kan yatsa ba. Naku ai ɗori ne ya ɓata shi, gashin kam ya riƙe shi har ƙarshen gasa. Saura wasa biyar. Ki rufa mana asiri."

Sanyin yatsun nan ya dawo mini a tafin hannu. Sai na ji murya daga cikin ɗaki.

"Asabe."

Rabona da jin sunan nan a bakinsa tun asibiti.

"Miƙo mini sandunan. In la'asar ta yi ki ɗauko mayafinki."

Rabi ta yi roƙo, ta yi kuka, ta ce so muke mu mayar da mijinta inji. Da la'asar muka fita, yana dogara sanduna a kan hanyar da manyan motoci suka farfasa, ina biye da shi. Ranar na fara ganin filin. Wani ɗan siminti ne a bayan sito, duk ya tsattsage, bai fi tsakar gida biyu ba. Na tsaya ina kallonsa, wai wannan ne ya cinye mana ƙafa.

An riga an fara wasa da wata ƙungiya daga Bompai. Da 'yan kallo suka hange shi suka ɗauki "Dogo! Dogo!" Bai kalle su ba. Na nemo Isiyaku da ido, na gan shi da doguwar safa, yana dira a kan ƙafa ɗaya yana ɓoye ɗayar. Malam ya matsa har bakin layi, daidai gaban koci. Ya tokare sanda a hammata, ya nuna Isiyaku da haɓa. Sannan ya kama gaban rigarsa ya ja. Ya sake ja, har maɓalli ya tsinke.

Koci ya miƙe ya yi wa alƙalin wasa alama.

Da aka ɗauki hoton ƙafar Isiyaku aka ga tsagar, siririya kamar zare. Ya huta mako shida. Kafin ya dawo wani ya gaje wurinsa a sito, ya koma inji, kuma bai sake fara wasa ba har masaƙar ta rufe. Rabi ta yi shekara guda ba ta gaishe ni ba, ta ce hassada ce. Na haƙura.

Ke da za ki karanta wannan, in mijinki ko ɗanki ya dawo daga fili ya ɗora yatsa ɗaya a wuri ɗaya ya ce nan ne, kada ki ɗora ruwa. Ki bar shi ya yi fushin. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan Malam, ya yafe mini watanni biyun nan.

Isiyaku yana nan da ransa, ya tsufa, layinmu ɗaya. Har yau in na hange shi zai wuce masallaci, ba fuskarsa nake fara kalla ba. Ƙasa nake kallo, in ga ƙafafunsa biyu suna taka ƙasa, sannan in amsa gaisuwa.